Shuɗi a Goshin Kare

Washegarin da aka binne Auta, mutanen unguwa suka yi wa ofishin lafiya tsinke. Kafin Anti Ƙidaya ta iso, an farfasa gilashin taga, an watso akwatunan sanyi na allura bakin titi, an kuma kama Dogo, mai yi wa karnuka allura, an yi masa dukan kawo wuƙa. 'Yan sanda ne suka ƙwace shi da ƙyar, suka ce za su ajiye shi a wurinsu don lafiyarsa. Ajiyar kuwa a bayan kanta ce, inda ake tsare masu laifi.

Auta yarinya ce 'yar shekara bakwai. Karen gidansu, wanda take kira Kofur, shi ne ya cije ta a wuyan hannu, cizon da bai kai ya kawo ba. Bayan wata guda da 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe ta, ta fara firgita, ta koma ko kofin ruwa aka nuna mata sai ta ƙanƙame uwarta tana kuwwa. Likita ya ce ciwon haukan kare ne, kuma an makara. Abin da ya tunzura jama'a shi ne Kofur yana da shuɗin fenti a goshi, alamar da ofishin lafiya da bakinsa ya ce tana nufin an yi wa kare rigakafi.

Baban Auta, direban babbar mota, shi ne a gaban taron, muryarsa ta dushe don ihu.

"Ruwa suka ɗura wa karnukanmu! Sun sayar da maganin, sun shafa mana fenti, sun kashe min 'ya!"

Da ya hango Anti Ƙidaya sai ya nuna ta da yatsa. "Ga mai ƙirgar nan. Ki ƙirga har da 'yata."

Ta sunkuya ta tsince jakarta da wani ya fizge ya yar, ta kakkaɓe.

Aikinta bin sawun cuta ne. In ciwo ya ɓulla a wani gida, ita ake turawa ta bi shi da baya har inda ya faro. Sunan kuwa ya samo asali ne daga ƙirgar karnuka. Ba wanda zai iya tsayar da karnukan unguwa a layi ya lissafa su, don haka ake yi musu dabara. Ranar allura, duk karen da aka yi wa sai a shafa masa shuɗi a goshi a sake shi ya koma cikin 'yan'uwansa. Bayan 'yan kwanaki sai Anti ta zaga lungu-lungu tana duba duk karen da ta gani. In an shafa wa ɗari, ta kuma tarar rabin waɗanda take gani ne masu shuɗi, to karnukan unguwar sun kai ɗari biyu, saura ɗari ke nan ba su samu ba, sai a sake kawo allura. Yayarta takan ce a dangi kaf ba wanda ya kai ta karatu, ba kuma wanda ya ƙare a leƙa goshin kare sai ita.

* * *

A ofishin 'yan sanda, Anti ta tarar da Dogo yana zaune a ƙasan siminti, leɓensa a kumbure, haƙoransa biyu na gaba sun tafi.

"Anti, wallahi ko ɗigo ban taɓa ba. Abin da aka ba ni shi na yi. Ɗari biyu aka kawo, kafin rana ta take sun ƙare, layi kuwa har kwanar masu gyaran babur. Oga ya ce a sallami mutane, za mu dawo."

"Ka tuna Kofur?"

"Ja ne ko baƙi?"

"Ja, mai yankakken kunne."

Ya girgiza kai. "Ban tuna shi ba. Amma Anti, karnuka ɗari biyu, duk haushinsu ɗaya."

Sufeto, wanda aka damƙa wa maganar, yana jingine da ƙofa yana sakace. Ya ce, "Hajiya, kowa na kawo nan bai taɓa ba. Alama tana goshin kare, yarinya tana kabari, mai allura yana hannuna. Me ya rage?"

"Karen ya rage," in ji ta. "Ka gan shi?"

Sufeto ya dube ta kamar ta ce ya je ya kamo iska.

* * *

Oga, shugaban ofishin lafiya, yana ofishinsa na sama, inda jifa bai kai ba. A bango, daidai saitin kansa, an rataye lambar yabon da ma'aikata ta ba shi saboda nasarar rigakafin bana.

"Ranka ya daɗe, ka tuna zagayen da na yi bayan allura? Cikin kowane kare goma da na gani, tara masu shuɗi ne. Lissafin ya ce karnukan unguwar nan gaba ɗaya ba su wuce ɗari biyu da ashirin ba. Na gaya maka tun lokacin ba zai yiwu ba. Bayan mayanka kaɗai sun haura hamsin."

"Ke kika ƙirga, ba ni ba."

"Ni na ƙirga, kuma na ce a sake."

"Ke kullum in abu ya yi kyau sai kin ɗaga shi kin leƙa ƙarƙashinsa." Ya gyara zaman tabarau. "Sakamako ya nuna an gama, aka juya sauran allurar zuwa wata unguwa. Ina laifina? Yanzu dai ga wanda jama'a suka kama. Ki bar 'yan sanda su yi aikinsu, ƙura ta lafa."

"Dogo yana da mata da 'ya'ya."

"Ni ma ina da su," in ji Oga, ya jawo wayarsa.

* * *

Anti ta faro bin sawun Kofur daga ƙofar gidan su Auta, ba ta shiga ba, don masu zaman makoki sun bi ta da kallon da ya ishe ta. Mai shagon kusa ya ce ranar da Kofur ya ciji yarinyar ya fito yana dalalar da miyau ya yi gabas. Mai wankin mota ya ce ya gan shi yana cizon taya. Wata tsohuwa ta rufe mata ƙofa a fuska, sannan ta leƙo ta taga ta ce ta tambayi mahauci.

Mahaucin yana wasa wuƙa a bayan mayanka. Ya saurare ta ba tare da ya ɗago ba.

"Ni na kashe shi. Ya faɗo nan ya kama karyata a wuya, na sa masa gatari. Ga ta can."

Wata farar karya tana kwance a inuwa, tabon cizo a wuyanta, tana shayar da 'yan kwikwiyo.

"An yi mata allura?"

"Ni na riƙe ta da hannuna dogon nan ya yi mata."

Anti ta tsuguna ta daɗe tana kallon karyar. Mahaukacin kare ya cije ta tun watanni biyu da suka wuce, ga ta lafiya ƙalau. In da ruwa Dogo ya ɗura mata, da tuni ta bi Kofur. Goshinta kuma fari fat, ko ɗigon shuɗi babu, don alamar ofis ruwan rini ce, takan koɗe cikin 'yan makonni.

"Ina ka binne shi?"

"Haba Hajiya. Ke dai ba kya ƙyama?"

Shi ya kawo shebur duk da haka. Ƙasar wurin busasshiya ce, fatar kan ba ta gama lalacewa ba. Ta sa safar hannu ta share ƙasar. Shuɗin yana nan raɗau, ya daskare da gashin ya yi tauri kamar ɓawo, in rana ta haska shi sai ya riƙa ƙyalli. Ta kuma ga ba da buroshi aka shafa ba, dangwale ne na babban yatsa, an murza shi a hankali.

Mahauci ya leƙo, ya toshe hanci. "Wanda ya yi wannan jarumi ne. Kofur ko nama kake ba shi, ka kai hannu kansa ka rabu da yatsa."

Ta yanko fatar ta sa a leda. A hanyarta ta komawa ta riƙa duban karnuka da sabon ido. Ga wani a ƙarƙashin mota da shuɗi a goshi, ga wani a bakin kwata, ga biyu a ƙofar wani gida. Tun da na ofis ya riga ya koɗe, duk wanda shuɗinsa ya kawo yau, na ƙarya ne.

* * *

Da ta nuna wa Sufeto fatar ta ce masa wannan fentin mota ne, bai tsaya wata-wata ba ya ce a kamo mai fentin da ke bakin gareji. Anti ta roƙe shi ya bari ta fara magana da mutumin.

Mai fenti ɗan tsamurmuri ne, tufafinsa sun ɗauki kalar kowace motar da ya taɓa fesawa. Da ta nuna masa ledar sai ya ja da baya.

"Ni da kare? Anti, ko kyanwa ta kalle ni sai na canja hanya."

"Amma fentinka ya hau goshin karnuka."

Ya sosa ƙeya, ya leƙa waje, ya rage murya. "Ragowar gwangwani ce. Mutane suka yi ta zuwa suna roƙo, na ce su ɗauka a bola. To me za su yi? Da yammar ranar allura motar ofishinku ta zaga da lasifika, tana cewa daga gobe duk karen da aka gani ba shuɗi a goshi harbe shi za a yi. Ga allura ta ƙare. Mai gadi da karensa, mai kaji da karensa. Ke ce za ki zauna?"

Anti ba ta san da wannan shelar ba, ranar tana hedkwata an aike ta.

"Wannan ma daga bolarka ne?"

Ya karɓi ledar da yatsu biyu ya ɗaga ta a rana. "A'a. Dubi ƙyallin. Ni ina zan iya sayen wannan? Irin na manyan motocin kamfani ne, su suke zuwa da abinsu. Nawa in ya bushe kamar alli yake."

Sufeto ya so ya tafi da shi duk da haka, wai don kada a ce an fito a banza. Da ƙyar ta raba su.

* * *

Sai da masu gaisuwa suka ragu Anti ta shiga gidan su Auta. Maman Auta tana zaune a tsakar gida ita kaɗai, ga kwanukan wanke-wanke a gabanta ba ta taɓa ba. Mijin ya fita. Anti ta yi ta'aziyya, ta jira a kore ta. Ba a kore ta ba.

"Na kai ta asibitinku ranar da ya cije ta," in ji matar, idonta a ƙasa. "Nas ta ce, karen yana da alama? Na ce ga ta nan a goshinsa kamar yau aka yi. Ta ce to ki wanke da sabulu, allurar mutane ta yi ƙaranci, ana ajiye wa waɗanda karen titi ya ciza. Na dawo na wanke da sabulu."

"Kin gaya wa babanta?"

"Yana kan hanya, tafiyar wata da watanni. Na ce kada in tayar masa da hankali yana tuƙi a kan ɗan ƙwarzane. Da ya tambayi Kofur a waya na ce ya ɓata. Sai a asibiti ya ji komai." Ta share fuska da gefen zane. "Zauna mana, Anti, kin tsaya."

Ta miƙa hannu bayanta ta jawo wata 'yar kujera ta katako, sai kuma ta fasa, ta riƙe ta a cinya. "Ba wannan ba. Tata ce."

Kujerar shuɗiya ce. Rana tana dukanta, tana ƙyalli.

"Ta yi kyau," in ji Anti.

"Babanta ya shafa mata, da ragowar fentin motarsa. Ana gobe zai tafi. Da yammar nan ta yi ta kuka a kan maganar harbin karnuka, ya ce bari ya yi mata abin da zai sa ta dariya."

Idon Anti ya daɗe a kan kujerar fiye da yadda ya kamata. Da ta ɗago, ta tarar matar tana kallonta. Ta yi sallama da sauri ta fita.

* * *

Sufeto ya tara su a wani aji na makarantar unguwa bayan an tashi yara: Oga, nas, mahauci, mai fenti, Dogo da ankwa a hannu, Baban Auta, da dattawa kaɗan. Samari suka cika tagogi. Anti ta roƙa kada a kira uwar yarinyar.

Ta ajiye ledar a kan teburin malami. Ta faɗi maganar farar karya, mahauci ya gaskata. Ta sa mai fenti ya maimaita abin da ya gaya mata, ya maimaita yana gumi. Nas ta ce ita umarnin da aka ba ta ta bi. Sannan Anti ta ce, "Allurar Dogo ta gaskiya ce. Kofur ne ba a taɓa yi masa ba. Wani ne ya shafa masa fentin mota da yatsa, kuma wanda Kofur ya yarda ya taɓa masa kai."

"Ƙarya ce!" Baban Auta ya miƙe. "Kuna son ku wanke ɗanku!"

A nan samarin bakin ƙofa suka dare. Maman Auta ta shigo, ta ratsa tsakanin bencina, ta fito da 'yar kujerar daga ƙarƙashin mayafinta, ta ajiye ta a kan tebur dab da ledar. Ba sai an kira mai fenti ya duba ba. Ta juya ta fuskanci mijinta.

"Baban Auta, dube ni."

Bai iya ba. Ya koma ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Tun safe nake layi da shi," ya ce. "Saura mutum biyu a zo kaina suka ce ta ƙare. Da yamma suka ce za su harbe. Tana ta kuka, ni kuma da asuba zan tafi. Na ce in ɗan dangwala masa kafin su dawo, in na dawo in kai shi. Na manta ban gaya miki ba. Wallahi mantawa na yi." Ya ɗago ya dubi Oga. "Kun ce za ku dawo."

"Ƙidaya ta nuna babu buƙata," in ji Oga.

"Ƙidayar fenti na yi, ranka ya daɗe," in ji Anti. "Nasa da na maƙwabtansa. Shi ya sa ba a dawo ba."

Sufeto ya tambayi wanda ya ba da umarnin shelar harbi. Oga ya ce ai dabara ce kawai don mutane su ɗauki abin da muhimmanci, ofishinsu ko bindigar roba ba shi da ita, kuma bai san dokar da ta hana shela ba. Da alama Sufeto ma bai san ta ba. Ya kwance wa Dogo ankwa. Dogo ya dubi tagogin da waɗanda suka dake shi suke tsaye, ba wanda ya ce masa sannu.

Maman Auta ta ɗauki kujerar ta rungume.

"Fentin na yafe maka, don ita ka yi," ta ce wa mijin. "Amma tun a asibiti ka sani. Ka bar ni ina cewa ni na kashe ta da sabulu. Ka tsaya kana kallo suna zubar wa ɗan mutane haƙora."

Ta fita. Yayanta yana jiranta a waje da babur, ba gidan mijin suka nufa ba.

Kafin a watse Anti ta ɗaga murya don na tagogi su ji. Ta ce duk karen da har yau yake da shuɗi a goshi ba a yi masa rigakafi ba, a kawo shi ofis gobe, ba za a kama kowa ba. Duk wanda irin karen nan ya taɓa ciza, ko ƙwarzane ne, ya zo maza.

* * *

Da safe ta zauna a bakin ofis tare da Dogo da ragar kama karnuka, har rana ta ɗaga ba wanda ya zo. Sai ta tashi ta shiga unguwa.

Tun daga kwanar farko warin kananzir ɗin da aka goge fenti da shi ya tare ta. Karnuka suna yawo da goshi a jiƙe, wasu an aske musu gashin wurin, wani har an kankare masa fata ya yi ja. Ta zaga har bayan mayanka, ba ta ga shuɗi ko ɗaya ba. Jiya ko daga nesa tana iya nuna waɗanda ke da haɗari. Yau duk sun zama ɗaya. Mutane suna gaishe ta da fara'a daga ƙofofin gidajensu.

Oga ya ji daɗin labarin. Ya rubuta wa ma'aikata cewa bincike ya gano mutum ɗaya ne ya yaudari hukuma, an duba unguwar ba a sami wani kare mai alamar ƙarya ba, don haka sakamakon bana yana nan daram. Buƙatar da ta kai ta a sake kawo allura ya ce za a duba ta a kasafin baɗi. Ta ƙi sa hannu, ya ce ba a buƙatar hannunta.

Da la'asar tana tattara kayanta aka ƙwanƙwasa ƙofar baya, wadda ake fitar da shara ta nan. Wata mata ce, ta ja mayafi har hanci, tana riƙe da ɗanta. Ta ɗage masa wando, ga sawun haƙora a sha-raɓarsa, ya fara warkewa.

"Karen maƙwabta ne," ta ce da sauri. "Ban ma san mai shi ba."

Anti ta kama hannunta don ta ja su ciki. Hannun yana warin kananzir, da ɗan shuɗi a ƙarƙashin farce.

"Yaushe ya cije shi?" ta tambaya, tana laluben makullin firij ɗin da ake ajiye allurar mutane.